Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Shugabannin Asibitocin Koyarwa Na Arewa Kan Binciken Haɗiya Da Murya

Zuwa ga shugabannin asibitocin koyarwa da kwalejojin kimiyyar lafiya na Kano, Zariya, Sakkwato da Maiduguri,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ranku ya daɗe, gaisuwa mai yawa tare da girmamawa, da fatan kuna lafiya, ku da iyalanku da ma'aikatan da ke ƙarƙashinku.

Bayan haka, ni ma'aikacin sashen gashi da motsa gaɓoɓi ne, wanda majinyata ke kira fisiyo, kuma yawancin masu biyowa ta hannuna masu shanyewar ɓarin jiki ne. Wasunku sun koyar da ni, wasu sun koyar da malamaina, don haka ban zo in koya muku aikinku ba. Roƙo na kawo. Ku ba matsalar haɗiya da ta murya gurbi a cikin binciken da cibiyoyinku ke yi, da kuɗinsa da mutanensa, kuma a yi shi a kan abincin da muke ci da harshen da muke magana da shi.

Bari in fara da haɗiya, domin ita ce mai kisa. Hanyar iska da hanyar abinci a maƙogwaro suke haɗuwa. Duk lomar da mutum ya haɗiye, cikin kamar daƙiƙa ɗaya maƙwallatonsa zai tashi sama ya matsa gaba, tantaninsa ya rufe, numfashi ya ɗan tsaya, abinci ya wuce ta baya. Shanyewar ɓarin jiki ba ta tsaya a hannu da ƙafa ba, takan taɓa wannan tsari. Abin da ke biyo baya kowa a cikinku ya gan shi a ɗakin kwantar da marasa lafiya. An kawo dattijo, bakinsa ya karkace, yana kwance a rigingine. 'Yarsa ta buɗe filas ta zuba koko, tana ba shi da cokali tana lallashi, "Daure ka sha, Baba, ka samu ƙarfi." Ya yi tari sau biyu, idonsa ya kawo ruwa, muryarsa ta koma kamar mai kurkurar baki. Bayan kwana uku zazzaɓi ya rufe shi, ƙirji ya cika. A takarda za a rubuta ciwon huhu, a gida za a ce sanyi ne ya kama shi. Ba wanda zai rubuta cewa kokon ne ya bi ta hanyar iska. Mafi muni ma shi ne wanda ba ya tari sam, saboda jijiyar da ke sanar da shi cewa wani abu ya sarƙe shi ta mutu. Abinci yana gangarawa huhunsa shiru, 'yan jinya suna murna yana ci.

Wannan ba hasashe ba ne. A 2005 Rosemary Martino da abokan aikinta a Kanada sun tattara binciken da aka yi a kan masu shanyewar ɓarin jiki, suka ga cewa da gwajin gaggawa na bakin gado ana samun matsalar haɗiya a kashi 37 zuwa 45 cikin ɗari, idan kuwa an duba da na'ura adadin yakan kai kashi 64 zuwa 78. Mai matsalar haɗiya ya ninka wanda ba shi da ita kusan sau 3 wajen haɗarin kamuwa da nimoniya, wato ciwon huhu, wanda abinci ke shiga huhunsa kuwa ya ninka fiye da sau 11. Mu kuma ba a bar mu a baya ba wajen yawan cutar. Binciken SIREN da aka yi a Najeriya da Gana, wanda Kano da Zariya suka kasance cikin cibiyoyinsa, ya nuna a 2018 cewa kusan kashi 90 cikin ɗari na haɗarin shanyewar ɓarin jiki a yankinmu yana komawa ga hawan jini, kuma kusan ɗaya cikin huɗu na waɗanda ta kama ba su kai shekara 50 ba. Wato mun san abin da ke kawo su asibiti. Abin da ke faruwa da maƙogwaronsu daga ranar da aka kwantar da su zuwa ranar da suka koma gida shi ne ya kamata a bi da irin wannan himmar.

Na san amsar da ke bakin kowane shugaban asibiti: ina kuɗin? To, ku dubi abin da aka yi a Ostireliya. A 2011 Sandy Middleton ta buga sakamakon gwajin da aka yi a sassan jinya 19 na jihar New South Wales. Ba su sayi wata na'ura ba. Ma'aikatan jinya aka koya wa su kula da abu uku a kwanakin farko: zazzaɓi, sukarin jini, da gwajin haɗiya kafin a ba majinyaci komai ta baki. Bayan kwana 90, waɗanda suka rasu ko suka kasa kula da kansu sun kasance kashi 42 a inda aka bi tsarin, kashi 58 a inda ba a bi ba. Gwajin haɗiyar da ake magana a kai, wani nau'insa ruwa ne mililita 90 a kofi, da ma'aikaciyar da ta san abin da take kallo. Wace jami'a ce a cikinku ta rasa ƙarfin maimaita wannan gwaji a ɗakunanta, ta ga ko zai yi aiki a inda ma'aikaciyar jinya ɗaya ke riƙe da gadaje da yawa cikin dare?

Na'urorin ma ba duka ne suka fi ƙarfinmu ba. Jeri Logemann ta Jami'ar Northwestern a Amurka ita ta kafa tsarin ɗaukar hoton eksire mai motsi yayin da majinyaci ke haɗiyar abincin da aka gauraya da sinadarin bariyom, tun farkon shekarun 1980. A 1988 Susan Langmore ta fito da wata hanyar: a zura siririyar na'ura mai kyamara ta hanci, a ba mutum abinci, a kalli inda ya bi. Irin na'urar ce likitocin kunne da hanci da maƙogwaro ke leƙa maƙwallato da ita. Inda take, abin da ya rage shi ne a haɗa likitan da mai ilimin haɗiya a ɗaki ɗaya rana ɗaya a mako, a kuma riƙa ajiye bayanan.

Inda na fi son ku tsaya ku dube shi da kyau shi ne abinci. Masana daga ƙasashe da dama sun yi ittifaƙi a kan wani ma'auni da ake kira IDDSI, wanda ya fito a 2015, ya kasa abin sha da abin ci mataki takwas, daga 0 zuwa 7. Gwajin abin sha da sirinji mai cin mililita 10 ake yinsa: a cika, a saki na daƙiƙa 10, a ga abin da ya rage. Idan ƙasa da mililita 1 ya rage, ruwa ne tsululu, tsakanin 4 da 8, mataki na 2 ke nan, haka dai. Sirinji da agogon waya, shi ke nan kayan aikin. Amma a ce wa matar da ta zo jinyar mijinta daga ƙauye ta ba shi mataki na 2, me aka gaya mata? Ita koko ta sani, da kunun gyaɗa, da kunun tsamiya, da kunun kanwa, da fura da nono, da fate, da alale, da tuwo da miyar kuka. Garin gwangwani da Turawa ke kaurara ruwa da shi ba a samunsa a kantin unguwa, inda aka samu kuma ba kowa ke iya sayensa ba.

Kowane ɗaya daga cikin abincin nan tambaya ce mai zaman kanta. Koko yana ƙara kauri idan ya huce, wato na ƙarfe bakwai na safe ba shi ne na ƙarfe tara ba ko da filas ɗaya ne. Kuma an daɗe da sanin cewa yawu yana narkar da sitaci, don haka kunun da aka dama da kauri zai iya tsinkewa a bakin wanda ke jinkirin haɗiya, ko a cikin kofin da ake ta mayar da cokali. Fura tana da gaya a cikin nono mai ruwa, kuma abinci mai haɗe da ruwa da gudaji yana cikin mafi haɗari ga irin waɗannan majinyata, domin ruwan kan riga gudajin gangarawa. Kunun tsamiya fa? A 1995 Logemann ta nuna cewa abu mai tsami yana sa haɗiya ta tashi da wuri ga wasu masu shanyewar ɓarin jiki. Da ruwan lemun tsami ta yi gwajinta. Mu da muke da tsamiya a kowane ɗakin girki, ya kamata a ce mu ne muka ɗauki zancen daga inda ta tsaya. Ga kuma yauƙin kuɓewa da na kuka da na karkashi. Lafiyayye da shi yake tura lomar tuwo ba tare da ya tauna ba. Ga marar lafiya, taimako ne, ko santsin zai sa lomar ta suɓuce kafin maƙwallato ya rufe? Ɗalibin digiri na biyu a sashen kimiyyar abinci, da ɗan kuɗi kaɗan da mai duba shi daga asibiti, zai iya auna waɗannan ya fitar da takarda guda mai hotuna wadda za a liƙa a bangon kowane ɗakin jinya daga Birnin Kebbi har Damagaram.

Sai dai kada a ɗauka kaurara abin sha shi ne magani. A 2008 JoAnne Robbins da Logemann sun gwada mutum 515 masu cutar mantuwa ko cutar karkarwa ta Parkinson, suka kwatanta shan abu mai kauri da shan ruwa tare da sunkuyar da haɓa. Bayan wata uku ba a ga bambanci bayyananne wajen kamuwa da nimoniya ba. A 2024 ƙungiyar masu gyaran magana ta Birtaniya ta fitar da matsayarta tana jan kunne kan gaggawar kaurara wa kowa ruwa, saboda mutane kan rage sha, jiki ya bushe. Idan masu sanyi suna wannan tsoron, ina ga Maiduguri ko Sakkwato a watan Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40? A ganina wannan kaɗai ya isa hujja cewa ba za mu kwafo ƙa'idar wasu mu ɗora wa majinyatanmu ido rufe ba.

Akwai kuma binciken da ya fi kowane dacewa da halin da muke ciki. A 1998 Langmore ta bi majinyata don ta gano me ya fi hasashen nimoniyar da abinci ke jawowa. Abubuwan da suka fito a gaba su ne dogaro da wani wajen ciyarwa, dogaro da wani wajen tsaftace baki, da ruɓaɓɓun haƙora. Daga baya wani bincike a gidajen tsofaffi na Japan ya nuna cewa wanke baki bayan cin abinci yana rage nimoniya. A asibitocinmu wa ke ciyarwa? Wa ke wanke baki? 'Yan jinya ne, mata da 'ya'ya da ƙanne, masu kwana a kan tabarma a gefen gado. Su ne ma'aikatan da ba a taɓa ba su horo ba. A gwada mana: idan aka ɗauki minti goma sha biyar aka nuna wa 'yar jinya, da Hausa, yadda za ta tayar da majinyacin zaune, ta rage cokali, ta jira ya haɗiye, ta duba kuncin da ya shanye ko abinci ya maƙale, ta goge masa baki da buroshi ko asuwaki, me zai canza a adadin masu zazzaɓi?

Sai murya. Ita ba ta cika kisa ba, amma tana raba mutum da sana'arsa. A 2004 Nelson Roy ya yi bincike a jihohin Utah da Iowa na Amurka, ya samu kashi 11 na malaman makaranta suna fama da matsalar murya a lokacin da aka tambaye su, sauran mutane kashi 6. A tsawon rayuwa kuwa kusan kashi 58 na malamai sun taɓa yi, sauran mutane kusan kashi 29. Waɗannan malaman ba su san ajin da ɗalibai suka haura ɗari ba, ba su san ƙurar hunturu da ta alli a tare ba. Kuma malaman boko ba su kaɗai ke ci da muryarsu a nan ba. Ga ladanai, ga limaman tarawihi da tahajjud da ke karatu mai tsawo dare bayan dare, ga masu jan baƙi a wurin tafsiri da maƙoshi a bushe, ga malaman allo da na Islamiyya, ga 'yan kamasho a tasha, ga maroƙa da mawaƙa da masu shela. Jami'ar Usmanu Danfodiyo tana shirya musabaƙar Alƙur'ani ta ƙasa tun 1986. Kowace shekara mahaddata daga jihohi suna taruwa wuri ɗaya, kuma asibitin koyarwarta yana gari ɗaya da masu shirya ta. Mai binciken murya a wata ƙasa zai yi ta addu'ar samun irin wannan dama.

Idan murya ta dusashe, abin da mutanenmu ke yi sananne ne: citta, kanumfari, masoro, zuma, alawa mai sanyaya maƙoshi, wasu kuma su je kemis a ba su ƙwayar rage kumburi su ci gaba da karatu a kan tantanin da ya riga ya ji rauni. Ƙa'idar likitocin maƙogwaro ta Amurka ta 2018 ta ce dusashewar da ta kai mako 4 ba ta warware ba, a leƙa maƙwallato. Dalilin kuwa kun fi ni saninsa: sankarar maƙwallato da dusashewar murya take fara sallama, kuma likitocinku sukan gan ta ne bayan ta toshe numfashi, lokacin da ba abin yi sai a cire maƙwallaton gaba ɗaya. Ga kuma waɗanda aka yi wa tiyatar maƙoƙo, jijiyar da ke motsa tantanin murya ta taɓu, suka farka da murya mai yoyon iska.

A nan ne harshenmu ya shigo, kuma a nan ne nake ganin kayan aro ba ya rufe katara. Hausa harshe ne mai karin sauti. Kukan jariri da kukar miya da hawa da saukar murya ake bambanta su. Na'urar da ake ɗora wa wanda aka cire wa maƙwallato a wuya, yawancinta sauti ɗaya take fitarwa miƙe. Ga mai Turanci, magana ce mara daɗi amma ana fahimta. Ga Bahaushe, wani ɓangare na ma'ana ne ya tafi. Masu harsunan karin sauti sun riga sun yi wa kansu wannan binciken: Jack Gandour ya yi a kan masu harshen Tailan tun shekarun 1980, masana a Hong Kong sun yi a kan Kantonis. Bayan karin sauti, muna da baƙaƙen da maƙwallato ne ke aikinsu: haɗiyau irin su ɓ da ɗ, da tunkuɗau irin su ƙ da ts. A 1992 Geoffrey Lindsey da Katrina Hayward da Andrew Haruna sun auna motsin tantanin maƙwallato a kan waɗannan baƙaƙen da na'ura a Landan. Wasu daga cikin baƙaƙen suna zuwa da ɗan ƙugi a murya wanda a Hausa lafiya ne, amma ma'aunin da aka gina a kan jimlolin Turanci zai iya lissafa shi a cikin alamun ciwo. Kafin a ce muryar Bahaushe ta kauce, dole a san yadda lafiyayyarta take: ta namiji da ta mace, ta yaro da ta tsoho, ta Bakano da ta Basakkwace.

Wannan aikin ba na likitoci kaɗai ba ne. Jami'ar Bayero tana da cibiyar nazarin harsunan Najeriya, kuma duk jami'o'inku suna da sassan Hausa ko na kimiyyar harshe da ke koyar da tsarin sauti. Manhajar Praat da Paul Boersma da David Weenink suka ƙirƙira a Jami'ar Amsterdam, wadda ake auna murya da ita a duniya, kyauta ce. Takardar tambayoyi 30 da aka fitar a 1997 don auna yadda matsalar murya ke takura wa mutum, da mai tambayoyi 10 ta haɗiya da ta fito a 2008, an mayar da su harsuna da dama. Abokan aikinmu na fisiyo sun riga sun mayar da takardun auna ciwon baya da na tasirin shanyewar ɓarin jiki zuwa Hausa, sun gwada ingancinsu, sun buga. Hanyar a share take. Abin da na gani dai shi ne malamin tsarin sauti da likitan maƙogwaro suna ƙarƙashin jami'a ɗaya, amma ba abin da ke zaunar da su a tebur ɗaya.

Yara ma suna da nasu, zan taɓa a taƙaice. Cire beli da wanzamai ke yi wa jarirai, wanda aka yi nazarinsa a Yamai tun shekarun 1990, an fi maganar zubar jini da ƙwayoyin cuta a kansa. A bi yaran a ga me ya bari a muryarsu da haɗiyarsu, kuma a yi hakan tare da sarakunan aska, ba da zaginsu ba. Ɗura, inda ake toshe wa yaro hanci a zuba masa koko yana kuka, hanya ce miƙaƙƙiya zuwa huhu. Sodar sabulu da ake ajiyewa a gorar ruwa tana ƙone wa yara hanyar abinci. A Sakkwato akwai asibitin yara masu cutar noma, mai cin baki da fuska, tun 1999, cutar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa a jerin cututtukan da aka yi watsi da su a Disambar 2023 bisa buƙatar da Najeriya ta jagoranta. Yaron da aka gyara wa fuska aka buɗe masa muƙamuƙi yana buƙatar wanda zai koya masa ci da magana daga farko.

Wanda zai koya masa ɗin shi ne muke da ƙarancinsa. Hukumar da ke yi mana rajista, MRTB, tun kafa ta a 1988 gyaran magana yana cikin sana'o'in da ke ƙarƙashinta, amma masu wannan ilimin 'yan kaɗan ne, kuma da yawansu ta sashen ilimin masu buƙata ta musamman suka fito, irin na Jami'ar Ibadan. Shi ya sa tambayar haɗiya ke faɗowa kan ma'aikacin fisiyo irina, ko ma'aikaciyar jinya, kowa ya yi iya abin da ya karanta da kansa. Kwas na digiri yana ɗaukar shekaru kafin a amince da shi, na sani. Amma kafin nan kuna da ikon tura ma'aikata biyu ko uku ƙaro ilimi a wannan fanni, da sharaɗin su dawo. Kuna da ikon haɗa kai da Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa da ke Kaduna. Kuma asusun bincike na TETFund yana karɓar buƙatun haɗin gwiwa. Buƙata ɗaya daga asibitoci huɗu, da tsarin tattara bayanai iri ɗaya, za ta fi ƙarfin takardu huɗu da kowa ya rubuta don neman ƙarin girma.

Akwai abin da ba ya jiran TETFund ko majalisar jami'a. Takardar da ake cikewa idan an kwantar da mai shanyewar ɓarin jiki, a ƙara mata layi biyu: an gwada haɗiyarsa kafin a ba shi abinci ko magani ta baki? Me aka gani? Umarnin shugaban asibiti ya isa a yi wannan, kuma cikin shekara guda kowannenku zai samu alƙaluman da zai nemi kuɗin bincike da su. Idan aka kira taron tsara layukan nan biyu, a gayyato ma'aikatan jinya na dare da mu 'yan fisiyo, za mu zo.

Allah ya ƙara muku lafiya, ya taya ku riƙo. Wassalam.

Ɗalibinku,
wani ma'aikacin fisiyo daga Kano